Ƙidayar Haruffa da Gane Harshen Wasiƙa: Yadda Kwamfuta Ke Rarraba Saƙonnin Imel



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin rajista na wata ma'aikata ya san cewa aikin farko da akawu ke yi kowace safiya shi ne rarraba wasiƙu. Da ya farke ambulan ya dubi takarda, kafin ƙiftawar ido ya san ko da Turanci aka rubuto ta, ko da Hausa, ko da Larabci, ko kuwa da Faransanci, ko da shi kansa ba ya jin Faransancin. Sa'an nan ya sa ta a fayil, masinja ya kai wa wanda zai iya karanta ta ya ba da amsa. A yau mafi yawan wasiƙun ofis ta imel suke zuwa, ga su da yawa, ba dare ba rana, har sun fi ƙarfin akawu ɗaya. Saboda haka ne wasu ma'aikatu da kamfanoni ke ɗora wa kwamfuta wannan aiki ta hanyar ƙaramar manhaja, watau 'yan layukan umarni da ma'aikaci zai rubuta da kansa, na'ura ta riƙa bi ɗaya bayan ɗaya a kan kowane saƙo da ya shigo.

Makasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda irin wannan manhaja ke aiki, da inda ilminta ya samo asali, da kuma wuraren da take tuntuɓe. Jigon maganar kuwa guda ne. Na'ura ba ta jin kowane harshe, ƙidaya kurum take yi ta kwatanta da samfurin da aka ba ta. Harshen da ba a ba ta samfurinsa ba, har abada ba za ta ambace shi ba, kuma ba za ta ce ba ta sani ba sai an koya mata faɗin haka. Wannan al'amari ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin da ke cikin saƙon imel

Kafin a yi maganar gane harshe, ya kamata a san siffar abin da ake dubawa. A shekarar 1971 ne wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa. A 1982 aka tsayar da ƙa'idojin da suka zama tushen imel na yau. Bisa waɗannan ƙa'idoji saƙo kashi biyu ne. Akwai kai, inda ake rubuta daga wane, zuwa ga wane, kwanan wata da batun wasiƙa, akwai kuma gangar jiki, inda ainihin maganar take.

A farkon al'amari ba a tanadi wuri ba sai don haruffan Turanci, gama tsarin da ake amfani da shi, mai suna ASCII, alamomi 128 kaɗai ya ƙunsa. Babu haruffan Larabci a ciki, babu é da ç na Faransanci, balle ɓ, ɗ da ƙ. Sai a 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, wanda ya ba saƙo damar ɗaukar wasu haruffa, da hotuna, da takardun da ake liƙawa. A wancan zamani kowace al'umma da nata tsarin lambobin haruffa. Rashawa suna da KOI8-R, Japanawa suna da ISO-2022-JP, masu rubutun Larabci kuwa da yawa suna amfani da Windows-1256. Da manhaja ta ga sunan tsarin a kan saƙo, ta riga ta sami rabin amsa. Amma tsarin Unicode, wanda aka fara bugawa a 1991, da hanyar rubuta shi da ake kira UTF-8, ta 1992, sun tara haruffan duniya a rumbu ɗaya. Wannan babban alheri ne ga Hausa, domin a nan haruffa masu lanƙwasa suka sami gurbi, sai dai ya kawar da waccan alama mai sauƙi, tun da yanzu saƙon Rashanci da na Hausa suna iya zuwa da tambari iri ɗaya.

Har wa yau, tun 1995 akwai wani layi da aka keɓe a kan saƙo domin a bayyana harshensa da gajerar alama, alal misali ha ga Hausa, en ga Turanci, fr ga Faransanci, ar ga Larabci. Sai dai cika wannan layi ba tilas ba ne. Saƙonni da yawa ba sa ɗauke da shi, wasu manhajojin aika wasiƙa kuwa sukan cike shi da harshen da aka saita su a kai. Ke nan mutumin Gusau zai rubuta wasiƙarsa da Hausa tsantsa, na'urarsa ta buga mata tambarin Turancin Amurka. Saboda haka babu makawa sai an shiga gangar jikin saƙo an duba rubutun kansa.

Asalin ilmin ƙidayar haruffa

Dabarar da ake amfani da ita ta girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu. A ƙarni na 9, a birnin Bagadaza, masanin nan Abu Yusuf Ya'aƙub al-Kindi ya rubuta risala a kan warware rubutun asiri. Ya nuna cewa idan aka ɗauki dogon rubutu na wani harshe aka ƙirga sau nawa kowane harafi ya fito, za a tarar wasu haruffa sun rinjayi wasu, kuma wannan rinjaye ba ya canjawa sosai daga rubutu zuwa rubutu. A Larabci alif da lam ne kan gaba. A Turanci harafin e ne ya fi yawa, a Hausar boko kuwa harafin a ne, da rata mai nisa.

A 1913 wani masanin lissafi na ƙasar Rasha, Andrey Markov, ya ƙara wa wannan ilmi mataki. Ya ɗauki haruffa 20,000 daga wata doguwar waƙar Pushkin, ya ƙirga da hannu, ya sami wasula 8,638 da baƙaƙe 11,362. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya duba maƙwabtaka, watau sau nawa wasali ke bin wasali, sau nawa yake bin baƙi. Ya tabbatar da cewa harafin da ya gabata yana da tasiri a kan wanda zai biyo. A 1948 Claude Shannon, a Amurka, ya faɗaɗa wannan tunani, ya nuna cewa idan aka lura da yadda haruffa ke tafiya bibbiyu ko uku-uku, ana iya kama kamannin harshe ba tare da an san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Wanda ya san Hausa zai ga gaskiyar wannan nan take. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Haruffan p, q, v da x baƙi ne a cikinta. Tana da ts, da ƙw, da gy, da ky, da 'y. Turanci kuwa cike yake da th da ing, yana kuma tara baƙaƙe uku a farkon kalma, abin da Hausa ba ta yi. Faransanci yana da eau da que da wasula masu ɗauke da alamomi a ka. Akawun da ba ya jin Faransanci amma yana gane shi da gani, irin wannan ƙidaya ce idonsa ke yi ba tare da ya sani ba.

Yadda ake awon

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda William Cavnar da John Trenkle, na birnin Ann Arbor a jihar Michigan, suka bayyana a 1994. Ga yadda take. Za a ɗauki kowace kalma a yanka ta gungu-gungu na haruffa, daga mai harafi ɗaya har zuwa mai biyar, a kuma sa wata alama, kamar _, a madadin filin da ke gaba da bayan kalma. Idan aka yanka kalmar wasiƙa uku-uku za a sami gungu shida: _wa, was, asi, siƙ, iƙa, ƙa_. A lura cewa na biyu, was, cikakkiyar kalma ce a Turanci, saboda haka shi kaɗai ba ya zama hujja. Amma siƙ da iƙa da ƙa_ babu inda za su fito a Turanci. Hukunci yana fitowa ne daga taruwar shaidu, ba daga guda ba.

Ga kowane harshe za a tanadi samfurin rubutu, a ƙirga gungayensa, a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, a riƙe kamar 300 ko 400 na farko. Wannan shi ne jadawalin harshen. Idan saƙo ya shigo, shi ma a yi masa nasa jadawali, sa'an nan a gwada shi da na kowane harshe. A ƙaddara gungun da_ shi ne na 2 a saƙon, a jadawalin Hausa shi ne na 5, to tazara 3 ke nan. In a jadawalin wani harshe shi ne na 250, tazara ta zama 248. In kuwa babu shi sam a jadawalin, sai a rubuta masa tazara mafi girma. A tara dukan tazarar, harshen da jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne ya ci.

Cavnar da Trenkle sun gwada wannan hanya a kan saƙonni 3,478 na zaurukan muhawara na Usenet, waɗanda siffarsu ta yi kusa da ta imel, a harsuna takwas. Guda 7 kaɗai ta kuskure, watau ta dace a kashi 99.8 cikin ɗari. Wannan adadi ya sa mutane da yawa suka ɗauka an gama da matsalar. Sai dai a tuna cewa harsunan nan takwas duk na Turai ne, masu ɗimbin rubutu da daidaitacciyar ƙa'ida.

Manhajojin da suka biyo baya sun sauya lissafin, amma tushen yana nan. Wasu suna amfani da ƙa'idar Thomas Bayes, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, su auna yiwuwar a ce wannan tarin gungaye daga harshe kaza ya fito. Na baya-bayan nan suna amfani da tsarin da ke koyon nauyin kowane gungu da kansa daga miliyoyin jimloli. Duk da haka abincinsu ɗaya ne, watau samfurin rubutu.

Matakan da ƙaramar manhaja ke bi

Ma'aikacin da zai rubuta irin wannan manhaja, ko da harshen kwamfuta na Python ko na Perl, ba sai ya ƙirƙiri lissafin daga tushe ba, gama akwai shiryayyun ma'auna da ake samu kyauta. Aikinsa shi ne ya shirya musu rubutu mai tsabta, kuma a nan ne mafi yawan nasara ko faɗuwa take.

Da farko manhaja za ta shiga akwatin saƙonni ta hanyar da ake kira IMAP ta ɗauko waɗanda ba a karanta ba. Na biyu, za ta warware sassan saƙon, domin sau da yawa magana ɗaya takan zo sau biyu, ɗaya rubutu zalla, ɗaya kuma cikin ado na HTML. In zallan yana nan shi za a ɗauka, in babu sai a tsince alamomin ado, waɗanda kusan dukansu kalmomin Turanci ne. Na uku, za ta mayar da lambobi zuwa haruffa bisa tsarin da aka ambata a kan saƙon. A UTF-8 harafin ƙ gurbi biyu yake ci, in aka karanta shi da wani tsari dabam sai ya rikiɗe ya zama alamomi biyu marasa ma'ana, shaida mafi ƙarfi ta Hausa ta salwanta ke nan.

Mataki na huɗu shi ne shara. Wasiƙar ofis takan zo da jela mai tsawo: tsofaffin saƙonnin da ake ba da amsa a kansu, da sunan mai aikowa da muƙaminsa da adireshinsa, da dogon gargaɗin nan na Turanci da wasu ma'aikatu ke liƙawa a ƙarshen kowane saƙo. In mutum ya rubuta layi biyu da Hausa, jelar kuwa layi arba'in ce ta Turanci, ma'auni zai ce Turanci ne, kuma bisa ƙidaya bai yi ƙarya ba. Tilas a yanke jelar, a cire lambobi da adireshin intanet, a bar abin da mutumin ya rubuta da hannunsa.

Na biyar, a duba irin baƙaƙen. Rubutun Koriya ko na Girka kusan shi kaɗai ya isa amsa. Baƙaƙen Larabci kuwa suna rage zato ne kawai, domin da su ake rubuta Farisanci da Urdu da ajamin Hausa da na Fulfulde. Na shida shi ne awon da aka bayyana a baya. Na bakwai, kuma mafi muhimmanci, shi ne yanke hukunci, wanda za a dawo kansa a ƙarshe.

Inda ma'auni ke tuntuɓe

Tuntuɓe na farko gajeren saƙo ne. Wanda ya rubuto "To, na gode" bai ba na'ura abin ƙirgawa ba. Kalmar to tana cikin kalmomin da suka fi yawa a Turanci, na kuwa tana nan a Suwahili da harsuna da dama. Gwargwadon gajartar rubutu, gwargwadon yawan kuskure, ga shi kuwa saƙonnin imel da yawa layi ɗaya ne ko biyu.

Na biyu shi ne gaurayen harshe. Ma'aikaci a Kaduna yakan buɗe wasiƙa da sallama ta Larabci, ya yi gaisuwa da Hausa, ya faɗi buƙatarsa da Turanci, ya rufe da addu'a. Takwaransa na Maraɗi ko Damagaram yakan yi haka da Faransanci. Tambayar wane harshe ne wannan ba ta da amsa guda. Maganinta shi ne a auna saƙon sakin layi bayan sakin layi, a ba da rahoton kason kowane harshe. Haka nan kuma kalmomin sallama da na addu'a ba sa rarrabe komai, gama Bahaushe da Bafillace da Babarbare da mai jin Suwahili da mutumin Indunusiya duk da su suke buɗe wasiƙa.

Na uku shi ne harsunan da suka yi kama a ido. Suwahili yana yawan amfani da na, ya, wa da za, kalmominsa kuma da wasali suke ƙarewa, daidai da Hausa, ko da yake ba dangi ba ne. Amma kama da wane ba ta wane. Suwahili yana da p da v da ch, yana fara kalma da mb ko nd, ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Fulfulde ta yi tarayya da Hausa a ɓ da ɗ, amma ba ta da ƙ, tana kuma ninka wasali a rubuce don nuna tsawonsa, abin da daidaitacciyar Hausa ba ta yi. Ma'aunin da aka ba isasshen samfuri zai raba su ba wuya.

Na huɗu ya fito daga masu rubutun kansu. Tun shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu lanƙwasa cikin rubutun boko, amma mafi yawan masu aika saƙo da waya ba sa sa su. Wani zai rubuta kasa yana nufin ƙasa, wani ya rubuta k'asa, wani ya yi amfani da q. A Nijeriya ana rubuta 'y, a Nijar ƴ. Ga masu haɗe kalmomi, ga masu taƙaita su, ga bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Zangon Kumasi. Jadawalin da aka gina da Hausar littafi kaɗai zai yi rauni a gaban Hausar waya. Dole samfuri ya ƙunshi iri biyun, da mai lanƙwasa da marar lanƙwasa.

Harshen da ba ya cikin jadawali

Dukan waɗannan matsaloli suna da sauƙi in aka kwatanta su da ta biyar. Shiryayyun ma'aunan da masu rubuta ƙananan manhajoji suka fi ɗauka, kowanne da adadin harsunan da ya sani. Wanda Nakatani Shuyo na ƙasar Japan ya fitar a 2010, wanda aka fi sani da langdetect, reshensa na Python ya san harsuna 55. Akwai Suwahili da Somaliyanci a ciki, babu Hausa. Na Marco Lui da Timothy Baldwin na Jami'ar Melbourne, mai suna langid, na 2012, ya zo da harsuna 97, har da Zulu da Kinyarwanda, babu Hausa. Ma'aunin fastText da kamfanin Facebook ya fitar a 2017 ya zo da harsuna 176, akwai Yarabanci, babu Hausa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne waɗannan ma'auna sun dogara ƙwarai ga rubutun Wikipedia, sashen Hausa na Wikipedia kuwa ƙarami ne ainun a waɗancan shekaru. Yawan masu magana da harshe ba ya amfanar na'ura da komai, yawan rubutun da ta samu shi ne abin lissafinta.

In aka miƙa wa irin wannan ma'auni wasiƙar Hausa, ba zai yi shiru ba. An gina shi ne ya zaɓi wanda ya fi kusa cikin abin da ya sani, saboda haka zai ce Suwahili ne, ko Somaliyanci, ko harshen Indunusiya, wani lokaci ma da cikakken ƙarfin gwiwa. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Manhajar tace tarkacen saƙonni da ake kira SpamAssassin tana da wani sashe, TextCat, wanda aka gina bisa hanyar Cavnar da Trenkle. Mai kula da akwatin ofis yana iya lissafa harsunan da ya yarda da su, saƙon da aka ga ya zo da wani harshe dabam sai a ƙara masa makin tuhuma. Ta irin wannan hanya takardar tsohon ma'aikaci mai neman haƙƙinsa na fansho, ko ta manomi mai kai kuka, tana iya faɗawa kwandon shara ba wanda ya gani. Mai ita zai zauna yana jiran amsa, yana zaton raina shi aka yi.

Wani abin lura kuma shi ne yadda matsakaicin adadi ke ɓoye wannan ɓarna. A ƙaddara wata ma'aikata tana samun saƙo 1,000 a rana, 950 na Turanci, 50 na Hausa. Ma'aunin da bai san Hausa ba, in ya dace a dukan na Turanci, za a rubuta a rahoto cewa ya yi nasara kashi 95 cikin ɗari, alhali bai gane ko saƙo ɗaya na Hausa ba. A kwanakin aiki 250 saƙonni 12,500 ke nan suka ɓace hanya, kuma dukansu na mutanen da ba su da wani harshen da za su rubuto da shi. Shugaban sashe da aka kawo wa irin wannan rahoto, wajibi ne ya nemi a ba shi sakamakon kowane harshe dabam.

Al'amarin ya fara gyaruwa. A ƙarshen 2013 Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara, ma'auninsa mai suna CLD3, mai harsuna fiye da 100, ya ƙunshi Hausa da Ibo da Yarabanci. A 2022 masu bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada, cikinsu har da Ife Adebara da Muhammad Abdul-Mageed, sun fitar da AfroLID, wanda aka gina don harsunan Afirka 517. Ke nan kayan aiki sun samu, abin da ya rage shi ne mai zaɓe ya san abin da yake zaɓa. Ajami kuwa har yanzu shi ne a baya, domin ma'aunan da suka san Hausa galibi Hausar boko suka sani.

Abin da ya kamaci ma'aikata da ɗalibai

Bukatar wannan aiki ƙaruwa za ta yi. Sashe na 55 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci tare da Turanci a matsayin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya gudanar da aikinta da su in an yi tanadin da ya dace. A Jamhuriyar Nijar kuwa, dokar da aka zartar a 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Turanci da Faransanci suka zama harsunan aiki. Hukumar da ta gayyaci jama'a su rubuto mata da harshensu, ta ɗauki alkawarin karantawa.

Saboda haka ga ƙa'idoji biyar. Ta ɗaya, kafin a ɗauki kowane ma'auni a buɗe jerin harsunansa a tabbata akwai waɗanda jama'ar wurin ke rubutu da su. Ta biyu, a gwada shi da ainihin wasiƙun ofishin, a tara 'yan ɗaruruwa, mutane biyu masu jin harsunan su rarraba su da hannu, sa'an nan a kwatanta da hukuncin na'ura, gama sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta uku, a koya wa manhaja cewa ba ta sani ba. In rubutu ya gaza wani adadin haruffa, ko tazarar da ke tsakanin harshen da ya zo na ɗaya da na biyu ta yi kaɗan, to a tura saƙon ga akawu. Ta huɗu, kada a ba manhaja ikon share saƙo ko jefa shi shara saboda harshensa. Iyakarta ta liƙa masa alama ta sa shi a fayil, a kuma riƙa leƙa fayilolin da ba a zaci komai a cikinsu ba. In fayil ɗin Suwahili ya cika a wata ma'aikata ta Katsina, an san inda wasiƙun Hausa suka tafi. Ta biyar, a kiyaye sirrin mutane. Wasiƙa amana ce, kuma Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Awon harshe aiki ne marar nauyi da kwamfutar ofis za ta iya yi ita kaɗai, babu dalilin tura wasiƙun jama'a zuwa na'urar wani kamfani a ƙetare don wannan kawai.

Ga ɗalibai kuwa, nan akwai fili buɗe. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai iya rubuta ma'auni irin na Cavnar da Trenkle cikin layuka kaɗan, amma ba zai san wane samfuri ya dace ba sai da taimakon ɗalibin harshe, wanda ya san karin Sakkwatanci da Gaananci da ƙa'idojin ajami. Jadawalin Hausa mai inganci, da na Fulfulde, da na Kanuri, da na Zabarmanci, da na ƙananan harsunan Filato da Adamawa, ba za su samu ba sai waɗanda ke jin harsunan sun zauna sun tara rubutu, sun tantance shi, sun tabbatar da cewa kowace jimla an sa ta a gidanta. Haka kuma duk wanda ya rubuta Hausa bisa ƙa'ida ya sa ta inda za a same ta, ya ƙara wa wannan rumbu dami guda.

Kammalawa

An ga cewa gane harshen saƙo ya taso daga ƙidayar al-Kindi da ta Markov, ya zama 'yan layukan umarni da kowane ma'aikaci mai himma zai iya rubutawa. An ga kuma cewa ingancinsa ya rataya a kan abu uku: tsabtar rubutun da aka miƙa wa ma'auni, da samfurin da aka gina shi da shi, da tanadin da aka yi wa saƙon da ya gagare shi. Na'ura za ta rage wa akawu wahalar rarraba dubban wasiƙu, amma alhakin wasiƙar da ta ɓace yana wuyan wanda ya zaɓi ma'aunin da wanda ya sa hannu aka fara aiki da shi. Allah ya ba da ikon riƙe amana.